Wajen Wa Za Ka Tsaya?

Duk shekara, da zarar an gama jarrabawar WAEC da NECO, wata irin zirga-zirga takan tashi da safe a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano. Za ka ga dattijo yana tafe, ɗansa na biye da shi cikin tsohuwar riga wankakkiya, yana kallon ƙasa. Wurin koyon aiki za a kai shi. Wani gareji za a miƙa shi a bakin titin Zariya, wani shagon tela a Court Road, wani kuma sai an hau adaidaita sahu zuwa kasuwar waya ta Farm Centre. Idan aka isa, bayan gaisuwa, maganar ba ta da tsawo: "Malam, ga ɗanka nan na kawo maka, amana." Shi kuma ya amsa: "Allah ya ba mu ikon riƙewa." A shafa Fatiha, uba ya juya gida, yaro ya tsaya yana neman inda zai ajiye hannuwansa.

A cikin birni, a zamanin kakanninmu, ba kasafai yaro yake zaɓar sana'a ba. Tashi yake ya tarar da ita a zaure. Sunayen unguwanni kamar Soron Ɗinki da Dukawa sun isa shaida, haka ma marinar Ƙofar Mata, inda ɗa yake karɓar muciya daga hannun uba. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa a wajen ganuwa ta tashi, kuma da yawa daga cikin mazaunanta ma'aikata ne, da malaman makaranta, da direbobi, da 'yan kasuwar da aiki ya kawo daga wasu garuruwa. Uban da ya yi shekara talatin a ofis ba shi da maƙera ko masaƙar da zai damƙa wa ɗansa. Dole a fita a nemo, kuma daga nan ne zaɓi yake shigowa.

Abin zaɓa kuwa ba ya ƙaranci a wannan yanki na Tarauni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana janyo jama'a daga jihohi da dama, ya sa kewayensa ya cika da kantunan magani, da masu abinci, da masu hoton takardu, da rumfunan POS. Ta ɓangaren Zoo Road ga shaguna jere, ga babban kantin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, ga ofisoshin masu harkar fim. Idan ka miƙe titin Zariya ka nufi Unguwa Uku, ga tasha da duk abin da ke rayuwa a gefenta: masu faci, masu walda, makanikai, masu sayar da baƙin mai. Yaro ɗan shekara goma sha shida yana iya ganin sana'a ashirin tsakanin ƙofar gidansu da shataletalen Dangi.

Na lura tambaya biyu ce take yawo a kan wannan zaɓi, kuma ba daga baki ɗaya suke fitowa ba. A majalisar samari, abin da ake tambaya shi ne: "Nawa ake samu a rana?" A cikin gida kuwa, idan yaro ya ce ya sami wurin aiki, abin da Umma take fara cewa shi ne: "Wajen wa?"

Ban ga laifin yaron da ya fara da tambayar kuɗi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu gidan talaka da bai ji a jikinsa ba. Yaron da yake ganin yadda ake lissafin awo kafin a ɗora tukunya, kunya ce take hana shi ya ce a ba shi na sabulu ko na aski. Yana so ya ɗinka wa kansa kayan Sallah, yana so wata rana ya shigo gida da leda a hannu ya ce, "Umma, ga wannan." Wannan buri ne mai kyau, kuma duk wanda ya raina shi bai san zuciyar matashi ba.

Ayyukan da suke amsa wannan buri nan take suna da yawa: wankin mota, jiran rumfar cajin waya, zaman POS, dako a kasuwa, ko karɓar adaidaita sahu daga hannun wani yayan unguwa na 'yan sa'o'i, ko da shekarun lasisi, wato 18, ba su cika ba. Je ka tsaya kusa da wata rumfar POS bayan sallar isha'i ka ga yadda ake rufe lissafi. Yaro ya zazzage jaka a kan tebur, ya jera 'yan dubu-dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, yana duba littafi yana duba na'ura, leɓensa na motsi. Idan lissafi ya cika, sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Idan kuwa wani ya nuna masa alat na bogi da rana, a cikin ɗan abin da ake ba shi za a cire. Wannan aiki yana koyar da lissafi, da haƙuri da mutane, da riƙon dukiyar wani, kuma waɗannan ba ƙananan darussa ba ne. Sai dai abin da yaro ya sani a watansa na farko, kusan shi ne abin da zai sani bayan shekara uku. Kasuwar kuma tana iya juyawa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, rumfunan POS sun yi tashe, daga baya suka yi yawan da riba ta ragu. Mutanen Kano ba su manta watan Janairun 2013 ba, da aka hana acaɓa a cikin gari, aka wayi gari matasan da ba su iya komai ba sai tuƙa babur suna zaune a gindin bishiya.

Ɗaya hanyar, ta koyon sana'a, ta fi ɗaci a farko. Yaron gareji ba ya taɓa inji a watanninsa na fari. Aikinsa wanke notuna da fetur a cikin yankakken galan, da share wuri, da sayo wa manya abinci, da miƙo kayan aiki. Oga yana kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, sai ya ɗaga murya: "Kai, sha biyu!" Yaro ya ruga ya kawo sifana sha huɗu, a dawo masa da ita. Gobe ma haka. Wata rana sai ka ga ya kalli kan noti kawai ya ɗauko wadda ta dace tun kafin a kira lamba. Ranar ba wanda zai yaba masa, amma ranar ce ya fara zama bakanike. Da yamma a ba shi na mota da na sabulu, abin da bai kai rabin na abokinsa mai wankin mota ba.

Haka yake a shagon tela: guga da sa maɓalli da tsinke zare kafin a bari ka hau keke, keke kuma kafin a ba ka almakashi ka yanka shaddar mutane. Haka a Farm Centre: sai ka iya kwance waya ka jera ƙananan notunanta ba tare da ɗaya ya ɓata ba, sannan a bari ka canja sikirin, daga baya can a nuna maka aikin da ake yi da wuta a kan allon cikinta. Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan maganar take zaune daram, domin abin da hannu ya koya babu dokar da za ta ƙwace shi a dare ɗaya.

Amma a nan ne tambayar Umma take da nauyi fiye da yadda yaro yake zato. Sunan sana'a kaɗai ba ya koyar da kowa. Akwai ogan da zai riƙe yaro shekara biyar yana aikensa cefane da kai 'ya'yansa makaranta, idan aiki mai wuya ya zo sai ya tura shi sayo ruwa don kada ya gani. Akwai wanda bakinsa ba ya rabo da ashar. Akwai wanda zai sa wa mota tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo, yaro na tsaye yana kallo, yana ɗauka haka ake yi. Matashi a wannan shekaru yana kwasar hali kamar yadda farar riga take kwasar baƙin mai a gareji: ba ya sanin lokacin da ya taɓa shi, kuma fitarsa sai an sha wuya. Wanda ya koyi aiki wajen mai cika alkawari, za ka same shi yana jin nauyin ya ce wa mai kaya "dawo gobe" alhali ya san bai fara ba. Wanda ya koya wajen mai saɓawa, da ita zai buɗe nasa shagon.

Saboda haka nake ganin akwai abubuwan da ya kamata uba da ɗa su duba tare kafin a shafa Fatiha. Na farko, a kalli babban yaron shagon. Shekararsa nawa a wurin, kuma me ake bari ya yi shi kaɗai? Abin da yake a yau, shi ne abin da sabon yaro zai zama. Na biyu, a tambayi maƙwabtan shagon: mutum nawa wannan oga ya taɓa yayewa, kuma ina suke? Ogan kirki da kansa zai nuna maka da yatsa: wancan shagon na tsallaken titi yarona ne, akwai wani a Hotoro, akwai wani a Sheka. Na uku, a zo a zauna wuni guda a ga yadda yake magana da mai kaya idan an sami matsala, da abin da yake yi idan an kira salla. Na huɗu, a yi maganar lokaci a fili. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta amince iyaye su kai yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba koyon sana'a, amma da yardarsa, a rubuce, kuma kada wa'adin ya wuce shekara biyar. Mu mun saba da yarjejeniyar baka, amma ba abin kunya ba ne a faɗi wa'adi a gaban shaidu, a kuma amince cewa za a bar yaro ya je makaranta ko Islamiyya a kan lokaci. Sana'a da karatu ba kishiyoyi ba ne. Mai gyaran wayar da ya iya karatu shi ne yake bin bayanin sababbin wayoyi a intanet, telan da ya iya lissafi shi ne ba ya faɗuwa a kan yadi.

'Yan mata ma suna da nasu zaɓin, ko da yake nasu ba ya fitowa bakin titi sosai. A cikin gidajen unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Darmanawa akwai matan aure da suke koyar da ɗinki, da zanen lalle, da haɗa turaren wuta da humra, da soye-soyen biki. Yarinya takan fara da kwaɓa lalle da riƙe wa amarya hannu, kafin a ba ta ta zana wa ƙannen amarya. Da yawa yanzu daga ɗaki suke tallata kayansu ta WhatsApp, a aiko yaro ya karɓa. Wannan ya fi ɗora mata faranti a ka a tura ta tasha nesa ba kusa ba. Amma tambayar ba ta canja ba: gidan wa za ta riƙa wuni, kuma wace irin magana ake yi a ɗakin?

Wani abu kuma da iyaye kan tsallake shi ne son yaron kansa. Akwai yaron da tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo ko fitila a gabansa bai kwance ta ba. Akwai wanda bayan littafinsa duk zanen riguna ne. Akwai mai bakin ciniki, wanda ko a aike sai ya dawo da ragi. Idan aka kai mai son waya wajen kafinta don kawai kafintan abokin Baba ne, wata uku ya yi yawa zai fara laɓewa a majalisa, a ce yaro ba ya jin magana. Tambaya ɗaya a kan tabarma bayan cin abincin dare, "Kai me kake so ka iya?", tana iya tsare shekarun da za su tafi a banza.

Sauran magana ga masu karɓar yaran. Duk wanda aka ce wa "ga ɗanka nan", bai karɓi ɗan aike kyauta ba. Shekara uku ko huɗu da yaro zai yi a gabansa su ne shekarun da hannu da hali suke kamawa, kuma nan da shekara goma wannan yaron ne zai gyara birkin motar da iyalanmu za su shiga, shi ne kuma za a kawo wa wani yaron. Wanda ya san ba zai koyar ba, ya faɗa tun ranar farko, a nemi wani wurin. Wanda ya karɓa kuwa, ya buɗe hannu ya koyar har ƙarshe, ya yaye a kan lokaci, ya kuma taimaka da ɗan abin kafa shago idan yana da hali.