Wa ya yanka? Tambayar da nake yi wa kowace manhaja



Duk Bahaushen da ya zauna a Kurmi ya san ba a sayen nama ido rufe. Kafin a tambayi farashi, sai an tambayi wanda ya yanka. Idan mahaucin namu ne, an san shi, an san ubangidansa, hankali ya kwanta. Idan kuwa ba a san asalin naman ba, ko kyauta aka ba ka sai ka yi godiya ka wuce. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ɗin nan masu wannan taka-tsantsan, da zarar mun sayi kwamfuta 'yar tokumbo sai mu miƙa wa mai gyara mu ce, "Cika min ita da manhajoji." Ya soka filash ɗinsa, ya zuba mana abu ashirin, mu biya mu tafi, babu mai tambayar daga ina suka fito.

Ni ne ke kula da kwamfutar ofishin ƙungiyarmu a nan Sabo. A cikinta akwai sunayen mambobi da lambobin wayarsu, da lissafin kuɗin wata-wata, da jerin marayu da zawarawan da ake taimakawa da azumi. Amanar jama'a ce, shi ya sa nake da tsauri a kan abin da ke shiga cikinta, har wasu matasa ke ce min mai ƙa'ida.

Ga dalilina. Lokacin da za ka saka manhaja, kwamfuta kan tsaya ta nemi izininka ko kalmar sirri. Da ka amince, ka ba wa wanda ya rubuta manhajar makullin gidan gaba ɗaya. Zai iya karanta takardunka, ya kwashe kalmomin sirrin da ka adana, ya kulle maka komai. Manhajar sata kuwa, wadda aka fasa don a kauce wa biyan kuɗi, wani ne da ba ka sani ba ya buɗe cikinta ya canza wasu abubuwa. Sau da yawa ma umarninsa na farko shi ne ka kashe manhajar tsaro kafin ka saka. Mai gadi ke nan aka ce ka sallama kafin baƙo ya shigo.

Na ga ƙarshen irin wannan a wurin wani ɗan uwanmu mai shagon buga takardu. An saka masa fasasshiyar manhajar zane, bayan 'yan makonni ya wayi gari duk ayyukan kwastomominsa sun ƙi buɗuwa, ga saƙo a fuskar kwamfutar ana neman kuɗin fansa. Katunan biki, takardun makaranta, aikin shekara biyu, duk suka tafi. Da ya kawo min, abin da kawai na iya yi masa shi ne wanke kwamfutar a fara daga farko. Araha ba ta ado.

Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar ofishinmu ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai na mayar da ita kan Ubuntu, wanda nau'i ne na Linux da aka fara fitarwa a 2004. A nan na ga tsarin da ya dace da tunanina. Manhajoji suna cikin rumbu guda da masu Ubuntu ke kula da shi, kuma akwai hatimin dijital a kan jerin kayan rumbun. Kafin a saka komai, wata manhaja mai suna APT tana duba hatimin, in bai yi daidai ba ta ƙi karɓa. Daga rumbun nan na samu LibreOffice na rubutu da lissafi, da VLC na kallon bidiyo, halal kuma kyauta.

Sai dai a nan ma akwai ƙofar baya. Mutum zai iya ƙara wani rumbu na daban, irin wanda ake kira PPA, kuma kowa na iya buɗe nasa. Za ka ga an rubuta a intanet, "Kwafi wannan layin ka liƙa." Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ƙara rumbu ya fi sayen kaya sau ɗaya nauyi. Daga ranar, duk sanda kwamfutarka ta yi sabuntawa, za ta karɓi abin da mai rumbun ya aiko, da cikakken iko. Idan ya watsar da aikin, ko aka sace masa makulli, kai ma abin ya shafe ka. Don haka nakan shiga Software & Updates, sashen Other Software, in duba jerin. Duk rumbun da ban san mai shi ba, ko na daina buƙatarsa, sai in cire.

Wani zai ce ai manyan ma ana cin su. Gaskiya ne. A 2017 masu kutse sun cusa guba cikin CCleaner na asali, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. A Maris 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya gano tarko a cikin XZ Utils, wanda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa bayan ya shafe sama da shekara biyu yana neman yardar masu aikin. Amma ku duba yadda aka ƙare: an kama abin kafin ya shiga tabbatattun fitowar Debian da Ubuntu, domin idanu da yawa na kan rumbun. Filash ɗin mai gyara fa, wa ke duba shi?

Ga abin da nake roƙon 'yan uwa. Mai Windows ya ɗauko manhaja daga Microsoft Store ko shafin kamfanin da ya yi ta, kuma ya karanta sunan mawallafi a akwatin neman izini kafin ya amince. Mai waya ya rabu da irin su GBWhatsApp da ake tura wa juna, ya tsaya a Play Store. Wanda zai kai kwamfuta gyara ya rubuta manhajojin da yake buƙata, ya ce kar a ƙara ko ɗaya. Muhimman takardu kuma a ajiye kwafinsu a wani faifai da ba ya jone da kwamfutar kullum.

Mai son a duba masa kwamfutarsa ya same ni a ofis bayan sallar La'asar ranar Asabar, ba ko sisi. Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke hannunmu, amin.