Jiki a Madafi, Hankali a Makaranta

Yau labarin kaina zan ba ku, ko da yake da kunya a ciki.

Bara, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai na kama aiki ba, aka ce mana mai duba makarantu zai zo kashegari. Da yamma ina tuƙa tuwo, amma hankalina duk yana kan rajista da littafin shirin darasi. Ashe ɗana mai wata goma ya rarrafo har bakin murhu. Ga shi a gabana, idona biyu, amma ban gan shi ba. Sai uwar mijina ta yi wuf ta sure shi, saura kaɗan ya damƙi garwashi. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ina kika bar hankalinki?" Na ce, "Inna, a makaranta." Daren nan ban runtsa ba.

Da na kai kukana wurin wata malamata ta kwaleji, sai ta ce ba ni kaɗai ba ce. A 2010 masana biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka sun bincika mutum 2,250, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacinsu suna tunanin wani abu ne dabam da wanda suke yi. Suka kuma ga cewa in hankali ya tafi yawo, farin ciki raguwa ya kan yi.

Ta ce akwai horo domin wannan, watau tara hankali a kan abin da ake ciki yanzu. Asalinsa daga mabiya addinin Buda ne na ƙasashen Asiya. A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya shirya shi ya zama darasin mako takwas domin marasa lafiya a wani asibitin jami'a a Amurka, ba tare da ya haɗa shi da bauta ba. Mu ma ai muna da kalmar natsuwa tun kaka da kakanni, sai dai ba a koya mana ita daki-daki.

Ga abin da na ke yi. Da asuba, kafin gida ya tashi, na kan zauna minti biyar in bi numfashina, shigarsa da fitarsa. Ba a rufa minti guda sai hankali ya tsere zuwa kuɗin cefane. In na farga sai in komo da shi, ba faɗa, kamar yadda a kan komo da akuya turke. Komowar nan ita ce horon, kada ki ce kin kasa.

Na biyu, kowace rana na kan zaɓi aiki guda in yi shi da dukkan hankalina. In tsintar shinkafa ce, in ji ta a yatsuna, in ga kowace tsakuwa. Ɗaliban Kabat-Zinn da cin ƙwayar zabibi guda a hankali su kan fara. Ke gwada da dabino.

Na uku, in yarinya ta ɓata mini rai a aji, na kan ja numfashi sau uku kafin in buɗe baki. Sau da yawa sai in ga laifin bai kai yadda na zata ba.

Ba na ce wannan maganin kowace cuta ba ne. Wadda damuwa ta hana ta ci da barci, ta je ta ga likita. Ni kaina har yanzu miya ta kan kama mini wani lokaci. Amma yanzu in ina madafi na san inda ɗana ya ke.

Ku 'yan makaranta, in kun buɗe littafi ku bar zancen biki sai an tashi. Taura biyu ba ta taunuwa. Allah Ya ba mu natsuwa, amin.