Tabkin Tabalak

Arewa da Keita, a bakin hanyar Tawa zuwa Agadas, nan tabkin Tabalak yake. Wanda ya fito daga duwatsun Adar, in ya hange shi sai ya tsaya. Ruwa ne shimfiɗe. Ga tsuntsaye, ga shanu da raƙuma suna sha.

Can tsibiran teku, ana ɗaura wa jirgi ƙyalle, iska ta tura shi. Mutane su sa gilashi ga ido, su nutse kallon kifi. Nan ba wasa ake ba. Masunci da sanda yake tura kwale-kwalensa. Da marece ya shimfiɗa taru, da asuba ya ɗebo tarwaɗa da karfasa. In taru ya sarƙe ga kututture, dole ya nutse. Ruwan da laka, ido bai gani, sai lalube. Taru kuwa kuɗi ne, wa zai bar shi?

A 2005 an sa tabkin cikin ruwayen da duniya ke kiyayewa. Amma kowace damina koramu na zubo masa yashi, zurfinsa na raguwa. Da rani ruwa ya ja baya, masu lambun albasa su bi shi.