Sa hannun gaggawa

Jama'a, yau ba zancen albashi ko kuɗin mai zan yi ba. Ƙanena da ke aikin kwamfuta ne ya zo hutu, muna hira bayan Isha'i ya ba ni wani labari, tun daga nan abin yake cina.

Ashe yawancin manhajojin da intanet ke tsaye a kansu ba mallakin wani kamfani ba ne. A buɗe suke, kyauta, kowa zai iya turo gyara. Sai dai kafin gyaran ya shiga, dole wani ya zauna ya karanta shi layi-layi, ya amince. Wannan mai dubawar sau da yawa mutum ɗaya ne, da dare yake yi bayan ya taso daga aikinsa, ko sisi ba a ba shi. Kamfanoni masu biliyoyin daloli kuwa su kwasa su zuba a kayansu su sayar.

Akwai Daniel Stenberg, ɗan Suwidin, da ke riƙe da manhajar curl tun 1998. A Janairun 2022, bayan ɓarakar log4j ta tada hankalin duniya, wani babban kamfanin Amurka ya turo masa jerin tambayoyi, wai ya amsa cikin awa 24. Babu kwangila tsakaninsu, kuma curl ɗin ma ba ta amfani da log4j. Ya ce musu su sa hannu a yarjejeniyar biya tukuna, sai ya amsa. Wallahi ya burge ni.

Amma ba kowa ke da wannan taurin ba. Lasse Collin, ɗan Finland, ya fi shekara 10 yana kula da xz, 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo masa gyare-gyare masu kyau, ga ladabi. A 2022 sai wasu sunaye suka fito suna caccakarsa: gyara ya yi watanni ba ka duba ba, in ba za ka iya ba ka ba wani. Bawan Allah ya faɗa musu yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma aikin nan na sa kai ne. Ba su sassauta ba. A ƙarshe ya raba makullin da Jia Tan. A Fabrairun 2024 aka fitar da xz 5.6.0 ɗauke da ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba mai ita damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya lura shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Rabin daƙiƙa fa!

Abin da ya tsaya mini a rai, waɗanda suka matsa wa Lasse ba su ƙirƙiro wata sabuwar magana ba. Muryar da kamfanoni suka saba yi wa irinsu suka ara, shi ya sa babu wanda ya ji wani baƙon abu.

Ni na san muryar nan. Shekarun baya an kawo mini fayil ƙarfe uku da rabi na wata Alhamis, masinja na tsaye a kaina, waya na ta ƙara, “daga sama ne, yau ake so.” Shafi biyu na buɗa na sa hannu. Da masu binciken kuɗi suka zo, duk waɗanda suka yi ta kira babu sunan ko ɗaya a takardar. Nawa ne a wurin. Wata uku ina amsa takardar tuhuma, uwargida na tambaya me ya sa na rame.

To ni ko ba komai ina da albashi, ina sa ran fansho. Lasse fa? Da ƙura ta lafa, shi ɗin dai ya koma ya zauna yana bin gyare-gyaren Jia Tan ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa, har ya fitar da 5.6.2 a watan Mayu.