Hoton da Ba Mu Ɗauka Ba

Ranar sunan ɗiyarmu, bayan magariba, kakarta ta rungume ta, muka ɗaga kamara, filashi ya ƙi haskawa. Batiran da muka yi wa caji tun watan baya sun yi sanyi a ajiye. Kafin shekara ta zagayo tsohuwar ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Tun daga nan muka daina ruɗuwa da babbar lambar mAh, domin masu ita sukan fi saurin zubar da caji. Muna zaɓen NiMH masu riƙo, irin Eneloop da Sanyo ya fitar a 2005, da caja mai lura da kowane batiri daban, mai tsayawa idan ya cika, don zafi ke kashe batiri. Yanzu huɗu na cikin filashi, huɗu na aljihu.