Gee's Bend, Ƙauyen da Tsumma Ya Yi Daraja

Da hantsi muka isa bakin Kogin Alabama daga garin Camden, ni da abokina wanda na sauka a gidansa. Tun a hanya yake ce mini yau zai kai ni in ga barguna. Na yi ta juya maganar a zuci: mutum ya baro Kano, ya ƙetare teku har Amurka, a ce abin kallon da za a kai shi shi ne bargo? Na dai yi shiru, na ce gani ya kori ji.

Jirgin fito ya iso, muka shiga har da motarmu. Ina sauraron rugugin inji da warin mai irin na jiragen da na sani a Yawuri, sai na ji tsit, ba ka jin komai sai motsin ruwa. Ashe tun 2019 da lantarki yake tafiya. Daga tsakiyar ruwa na hango yadda kogin ya yi gwiwa ya zagaye ƙauyen ta ɓangare uku. A takardun hukuma sunansa Boykin, amma a bakin kowa Gee's Bend ne, wato Gwiwar Gee, saboda wani Joseph Gee da ya kafa gandun auduga da bayi a wurin a 1816.

Wani dattijo da ke jingine da ƙarfen jirgin ya lura ni baƙo ne, ya matso ya ba ni labarin fiton. A 1962, da baƙaƙen fatar ƙauyen suka fara ƙetarawa Camden don neman rajistar zaɓe, sai aka dakatar da jirgin. Tafiyar mintoci ta koma zagayen kusan awa guda a mota, ga mutanen da akasarinsu ba su da motar. Sai 2006 aka dawo da shi, bayan shekara 44. Na sake duban ruwan nan da wani ido daban.

Muna shiga ƙauyen abin da ya fara ɗauke mini hankali shi ne shanya. A kan igiya, a kan shinge, a bakin baranda, barguna ne ke kaɗawa a iska, ja da shuɗi da ɗorawa da fari. Nan da nan na tuna da marinar Ƙofar Mata idan an baza turkuɗi da rana. Da na matso sai na ga ba saƙa ba ce, ba rini ba ne: guntayen ƙyalle ne aka haɗa da allura, wani kamar tafin hannu, wani dogo kamar sawun fari. Su suna ce masa kwilt; ni bargon ƙyalle na sa masa.

Gaisuwa ma sai da ta ruɗa ni. Matar farko ta ce sunan gidansu Pettway, ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Na ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ne. Abokina ya ce a'a: a 1845 gandun ya koma hannun wani Mark Pettway, wanda ya taso bayi fiye da ɗari da ƙafa tun daga jihar Karolina ta Arewa, kuma sunansa ne ya bi zuriyarsu har yau. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka ɗauki sunan ubangijin bauta suka wanke shi da aikin hannunsu, har ya zamana duniya ta san shi ne ta dalilinsu.

Aka kai mu ɗakin ƙungiyar matan da ke ɗinka bargunan, wadda suka kafa a 2003. Mata biyar sun zagaye wani katako mai kusurwa huɗu kamar gadon da babu katifa, an ɗame bargo a kai, kowace da allurarta, suna rera waƙoƙin coci a hankali. Gayya ce sak, irin ta matan ƙauyenmu ranar daɓe. Babbar cikinsu ta ce, "Zauna nan kusa da ni, ɗana." Ta ɗaga gefen bargon ta nuna mini hawa uku: sama ƙyallayen da aka haɗa, tsakiya auduga, ƙasa kuma shimfiɗa guda. A da, in ji ta, buhun gari ko na taki ake farkewa a yi ƙasan da shi. Haɗa ƙyalle aikin mace ɗaya ne a ɗakinta, amma ɗinke hawa ukun nan sai an taru.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na kasa haɗiyewa. Na ce, "Mama, ki gafarce ni, na ga layin nan ya karkace, ga kuma jan ƙyalle a tsakiyar shuɗi. Kuskure ne?" A wurinmu telan da ya karkata aska a wuyan riga ya san ba za a karɓa ba. Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, da gangan ne. Mun san tsarin da ke cikin littattafai, amma kowace a nan hanyarta take bi. Ja da baya ka sake dubawa." Na ja da baya taku biyar. Wallahi sai bargon ya tashi da rai. Jan ƙyallen nan shi ne ya riƙe sauran, kamar yadda kalangu kan kauce wa kiɗa ya dawo, masu rawa su ƙara zabura. Ta nuna mini tsarin da suka fi yi, wanda suke kira rufin ɗaki: murabba'i cikin murabba'i, kamar ka kwanta rigingine kana ƙirga azara.

Daga nan ta buɗe akwati ta fito da wani tsohon bargo, duk na wandunan jins da rigunan gona. Ga wurin da gwiwa ta cinye yadin ya yi fari, ga inuwar aljihu inda aka farke shi, shuɗinsa na nan sabo. A nan ne na ji labarin Missouri Pettway, wadda bayan rasuwar mijinta Nathaniel ta tattara kayan aikinsa ta ɗinka bargo a 1942, don ta riƙa lulluɓa da shi tana tuna shi. Jikina ya yi sanyi. Mu idan mutum ya rasu, a raba tufafinsa ko a yi sadaka da su, kuma wannan alheri ne. Amma ban taɓa tunanin tsohuwar rigar gona za ta iya riƙe mutum haka ba.

Asalin aikin dai sanyi ne da talauci. Gidajen katako ne masu kafofi, har da takardun jarida ake liƙe bango, kuma dole a jibga barguna a kan yara kafin gari ya waye. Da zamani ya juya, allurar ta shiga gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata. Jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, ya zo ƙauyen a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadarai biyu daga nan ne suka ja amalanken da ya ɗauki gawarsa a Atlanta. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee don su sayar da aikinsu. A 1972 suka samu kwangilar ɗinka wa kamfanin Sears rigunan matashi da wani yadi mai kauri mai layi-layi kamar kunyoyin gona, ragowar ƙyallayen kuma suka shige cikin bargunan gida.

A 2002 aka rataye bargunan a babban gidan baje kolin zane-zane na Houston, sannan a gidan Whitney na Niyok, masana suka yi ta jera su da aikin manyan masu zane na duniya. A 2006 hukumar gidan waya ta buga kan sarki guda goma da hotunansu. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa ta ƙasa a fannin sana'ar gargajiya. Yau gidajen suna da abin ɗumama ɗaki, amma allurar ba ta huta ba. Jikoki na yi don sha'awa da sanyin zuciya, baƙi kuma na zuwa daga birane masu nisa su zauna su koya.

Kafin mu tashi Mama ta miƙo mini allura, na yi ɗinki kamar tsawon yatsa a gefen bargon. Ta ce, "To, yanzu hannunka yana ciki." Da la'asar muka koma jirgi, zuciyata tana Fagge, inda kullum da yamma yaran shago ke share tulin guntayen atamfa da shadda da leshi. Kaɗan a cusa a matashi, kaɗan 'yan mata su ɗiba don kayan 'yar tsana, sauran kuma bola ko wuta. Alhali ga hunturu yana zuwa kowace shekara, ga almajirai da marayu na kwana a takure.

Ƙyallenmu ya fi nasu launi, kuma hannun da ke ɗinkin hula zanna bukar ba zai gaza haɗa bargo ba. Kira na ga telolinmu shi ne su ajiye buhu a gefen keke su riƙa tarawa. Iyayenmu mata da ƙannenmu kuma, ku karɓa ku gwada, ko da na goyon jariri ne, kafin sanyin bana ya sauka.