Wasiƙa Zuwa ga Kawu Daga Birnin Lids

Kawu,

Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da dukan 'yan kwayarmu na Wusasa. Ni ma lafiya lau, sai godiya. Sanyi dai ya kankama, rana kuma tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Kun tambaye ni ko har yanzu ina waƙa. Ina yi, Kawu. Na shiga kwayar wata majami'ar Angilikan da ke kusa da gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ina cikin masu muryar tena. Tun watan Oktoba muka fara bitar waƙoƙin Kirsimeti, kowace Alhamis da dare. Idan an ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ce. Kowa na zuwa da fensir, domin in shugabar kwaya ta ce a ja numfashi a wuri kaza, nan take za ka sa alama a takardarka. Abin da ta fi nanatawa shi ne, in ba ka jin muryar na kusa da kai, to ka cika ɗaga taka. Wannan horon ya shige ni, har a wurin aiki yanzu na fi saurara kafin in yi magana.

Babbar hidimarsu ita ce ta karatu tara da waƙoƙi. Wani bishof mai suna Edward Benson ne ya fara ta a garin Truro a 1880, sannan kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauke ta a 1918, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye samarinta da yawa. Tun 1928 BBC ke watsa ta a jajibirin Kirsimeti. Ana fara karatu daga Farawa, a bi ta Ishaya da Luka da Matiyu, a rufe da Yohanna sura ta ɗaya. A Kambirij, yaro ɗan kwaya ne ke karatun farko, shugaban kwaleji ya yi na ƙarshe. Mu ma haka muka yi. An kashe fitilu, kowa ya riƙe kyandir, wata yarinya 'yar firamare ta fara baiti na farko ita kaɗai, babu kiɗa, takardar hannunta tana rawa, amma muryarta ba ta kauce ba. Manya duka suka yi tsit suna jiranta.

Ranar Lahadi kujerun majami'ar nan rabi babu kowa. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi. Amma a daren waƙoƙin ba masaka tsinke. Da farko abin ya dame ni, sai na lura su wane ne ke zuwa: gwauraye, tsofaffin da 'ya'yansu ke nesa, baƙi irina. A gida zumunci a ƙafa yake. Ranar Kirsimeti Inna kan aike mu da shinkafa da nama gidajen maƙwabtanmu Musulmi, su ma su rama da Sallah. A nan ba a shiga gidan mutum sai da alƙawari, don haka waƙa ce ke tara su wuri ɗaya.

Mun je mun rera a gidan tsofaffin da nake aiki. Akwai wata dattijuwa da ciwon mantuwa ya kama, ba ta gane 'yarta ta cikinta. Da muka fara wata tsohuwar waƙa, sai ta bi mu baiti bayan baiti, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, tana buga yatsa a hannun kujera. 'Yarta ta fita waje tana hawaye.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen nan sun adana waƙoƙinsu. A ɗakin kwaya akwai kabad cike da takardu, kowace waƙa da muryoyinta huɗu, da sunan wanda ya tsara ta da shekararta. Mu fa? Abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi yana nan a rubuce, amma waƙoƙin da iyayenmu na Zumuntar Mata suka ƙirƙira da kansu, masu tafiya da tulu da ganga da tafi, a ka suke. Duk tsohuwar da ta rasu, ta tafi da nata. Da na koya wa 'yan kwayarmu ta nan Lids ɗaya daga cikin waƙoƙin, mai bayarwa da amshi, sun so ta ƙwarai, har suka nemi takardarta da sunan mai ita. Ba ni da abin da zan ba su sai abin da na haddace.

Roƙona, Kawu, tunda ku kuka koya mana do re mi a kan allo, ku zaɓi matasa biyu ko uku su zauna da iyayen nan kafin bikin bana ya wuce. Su naɗi muryoyinsu a waya, su rubuta kalmomin, ku kuma ku sa musu solfa, a rubuta sunan kowace mai waƙa da garinsu. Zan aiko da kuɗin littattafai da na mota ta hannun Yaya a ƙarshen wata. Duk wadda aka kammala, a turo mini ta WhatsApp, in Allah ya kai mu baɗi mu rera ta a nan da Hausa.

Ku gaishe mini da Fasto da dukan ikilisiya. Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana.

Ɗanku,
daga Lids, Ingila